KUƊIN ƘARA: WA KE ƊAUKAR NAUYIN GURFANAR DA WANDA AKE ZARGI A ƘASAR HAƊEJIYA?



Bahaushe ya ce shari'a mace da ciki ce, ba a san abin da za ta haifa ba. Abin da bai ƙarasa faɗa ba shi ne, mai ciki tana bukatar ungozoma, ungozoma kuwa in tana nesa sai an biya kuɗin motar ɗauko ta. Makasudin wannan lacca shi ne a duba wani ɓangare na shari'a wanda ba a cika kula da shi ba, watau ɗawainiyar da ake yi tun daga ranar da aka kama mutum har ranar da alƙali ya yanke masa hukunci, da kuma aljihun da ya kamata kuɗin wannan ɗawainiya su fito. An zaɓi ƙasar Haɗejiya don yin misali, domin ƙasa ce ta fadama da kogi, inda manomi da makiyayi da masunci suke cin abinci a kan ƙasa ɗaya, kuma inda nisa da ruwa suke sa kowace ƙara ta yi tsada.

KALMAR DA ASALINTA

Yana da kyau a fara da kalmar kanta. A Hausa "ƙara" sauti ne mai ƙarfi, irin wanda mutum yake yi in an taka shi. Wanda aka zalunta shi ne yake kai ƙara, ko ya kai kuka, kuma shi ne "mai ƙara". Amma ma'aikacin da gwamnati take biya albashi don ya tsaya gaban alƙali ya tuhumi wani, ba shi da suna guda a Hausa. Sai da aka haɗa kalmomi aka ce "mai gabatar da ƙara". Tsawon sunan nan shaida ne cewa muƙamin baƙo ne. Alƙali da muhuti da dogari da yari duk suna da sunayensu tun da daɗewa, amma wanda zai yi kuka a madadin wani, kan albashi, sabon abu ne.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya zauna a zauren malaman fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka bi, nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya yi musu. Ko da kisan kai ne, waliyyan mamaci su ne masu ƙara, su ne kuma suke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Tun da haka ne, ɗawainiyar neman hakki tana wuyan mai neman hakkin. To, amma kada a zaci malaman da ba su yi tunanin maganar kuɗi ba. Sun yi, har ma sun fi mutanen yanzu tsantseni a kai. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda babu alƙalin da bai san shi ba, ya bayyana cewa ladan manzon da alƙali ya aika ya kira wanda ake ƙara yana kan mai ƙara, sai fa in wanda ake ƙarar ya yi taurin kai, sa'an nan ladan ya koma kansa. Mukhtasar na Shehu Halilu kuwa ya yi wa maganar shaida filla-filla. In nisan da ke tsakanin shaida da alƙali bai wuce kamar baridi biyu ba, watau mil 24 ke nan, wajibi ne ya je ya ba da shaida, kuma in ya karɓi wani abu a hannun wanda zai yi wa shaidar, shaidarsa ta ɓaci, sai dai abin hawa ga wanda tafiya ƙasa ta yi masa wuya ba shi kuma da dabba. In kuwa nisan ya kai na ƙasaru, mil 48, to ba a tilasta shi ba, kuma yana da damar karɓar abin hawa da guzuri.

Masu sauraro su riƙe wannan hukunci, domin za a komo kansa. Abubuwa biyu ne malaman nan suka gano. Na farko, shaida mutum ne mai ciki da iyali, tafiya kuma tana cin kuɗi. Na biyu, kuɗin da suka fito daga hannun mai ƙara suka shiga hannun shaida suna iya gurɓata gaskiya.

DAGA BAITULMALI ƊAYA ZUWA ALJIHU HUƊU

Turawan Ingila sun ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Bayan 'yan shekaru, wajen 1910, Razdan Palmer ya fara tsarin baitulmalin En'e a Katsina, daga nan tsarin ya yaɗu zuwa sauran masarautu. Aka yanka wa alƙalai albashi, tara da ushira suka riƙa shiga baitulmali. Da dogari ko ɗan doka da ya kamo mutum, da alƙalin da ya yi masa shari'a, da yarin da ya tsare shi, duk daga ma'aji ɗaya suke karɓar albashi. Shari'a tana da sauri a zamanin nan, har tsofaffi suna ta yabon saurin. Amma a faɗi gaskiya, saurin nan yana da farashi. Hannun da ya kama shi ne ya hukunta, shi ne kuma ya ɗaure, ba a kuma yarda lauya ya shiga kotun En'e ba. 'Yan jam'iyyar NEPU da suka ɗanɗana gidajen yarin En'e a shekarun 1950 ba su yaba wannan sauri ba.

A 1958, da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana shari'a, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta. Shawarar kwamitin nan ce ta haifi dokar Final Kot ta 1959, wadda ta fara aiki a ƙarshen Satumba na 1960 tare da dokar hanyoyin bin shari'ar laifuffuka. An kwaikwayo ta daga ta Sudan, ita kuwa ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Babban canjin da ya shafi wannan lacca shi ne, manyan laifuffuka sun tashi daga hakkin iyali sun zama hakkin hukuma. Kisan kai da ke ƙarƙashin sashe na 221 ya zama ƙara tsakanin gwamnati da wanda ake tuhuma, waliyyan mamaci kuwa suka koma shaidu, ko ma 'yan kallo. Hankali ya nuna cewa wanda ya karɓe ƙara daga hannun mai ita, ya karɓi nauyinta ke nan. An rubuta rabin farko na wannan magana a doka, rabi na biyu kuwa aka bar shi ga kasafin kuɗi.

Sa'an nan sojoji suka zo. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta rushe kotunan sarakuna ta mai da alƙalai ƙarƙashin gwamnatin jiha. Aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, hedikwata ta tashi daga Kano ta koma Dutse. A shekarar 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kotunan shari'a suka gaji kotunan yanki.

Sakamakon duk wannan tarihi shi ne, ƙara ɗaya a yau tana ci daga aljihu huɗu. Ɗan sandan da ya yi bincike ma'aikacin Tarayya ne, domin sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 bai yarda da wata rundunar 'yan sanda ba sai ɗaya. Lauyan da zai tsaya a Babbar Kotu ma'aikacin Ma'aikatar Shari'a ta jiha ne, ƙarƙashin Antoni-Janar, wanda sashe na 211 ya ba ikon shigar da ƙara, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta. Alƙali da magatakardansa suna ƙarƙashin sashen shari'a, mai nasa kasafi. Gidan da ake tsare wanda ake zargi kuwa Tarayya ce take ciyar da shi, ko da yake gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar gina nasu. Kowane aljihu yana da mai tsaronsa, kowane mai tsaro kuwa yana ganin ɗawainiyar shaida ta maƙwabcinsa ce.

TAFIYAR ƘARA ƊAYA

Masarautar Haɗejiya tana da ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yadda kogi yake cika yana janyewa ya canja. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta cinye gonaki da wuraren kiwo da na su, ta kuma karkatar da ruwa inda ba a so. Ƙasar da ake rabawa ta ragu, masu rabon sun ƙaru. Ba abin mamaki ba ne da kowace kaka ake jin labarin rikicin manoma da makiyaya daga wajen Guri da Kiri Kasamma da Birniwa.

Alal misali, a ɗauka shanu sun shiga gonar shinkafa a wani ƙauye na ƙasar Guri, aka yi cacar baki, aka zare makami, mutum ɗaya ya mutu. Wannan misali ne kawai, amma babu abin da ke cikinsa da ma'aikacin kotu zai ce baƙo ne. 'Yan sanda suna bukatar mai don su je ƙauyen, in kuwa damina ce watakila sai da kwalekwale. Gawa tana bukatar likita ya duba ta ya rubuta rahoto kafin a binne ta, ga shi kuma Musulmi ba ya kwana da gawa in ba dole ba. Laifin kisa ya fi ƙarfin ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma, saboda haka za a kai wanda ake zargi sashen binciken manyan laifuffuka a Dutse, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Haɗejiya, tare da masu rakiya da shaidu. Daga nan a kai shi gaban majistare, wanda ba shi da ikon yin shari'ar kisa, iyakarsa ya ba da umurnin a tsare shi. Sai a kwafi kundin bincike a aika wa Ma'aikatar Shari'a don lauyan gwamnati ya ba da shawara ko akwai hujjar tuhuma. Kwafin nan takarda ne da tawada da wutar lantarki, kuma sau da yawa a nan ne ƙara take yin barcinta na farko.

In shawara ta fito aka shigar da tuhuma a Babbar Kotu, sai a shiga neman shaidu. A nan ne fadama take nuna halinta. Makiyayin da ya ga abin da ya faru ya bi ciyawa, watakila ya tsallaka Yobe ko Bauci ko Jamhuriyar Nijar. Saurayin da ya ɗauki gawa ya tafi cirani. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canji zuwa wata jiha, likitan ma haka. Manomin da ya rage a gida an ce ya zo ranar da yake dashe ko yankan shinkafa, ya bar aikinsa, ya biya kuɗin babur da na mota, ya iso kotu aka ce an ɗage. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyi ya raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki, sammaci ma ba ya samun wanda aka rubuta wa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 nan take, ta kuma wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Duk wani kuɗin sufuri da aka yanka wa shaida ko lauya kafin wannan rana ya zama labari.

Akwai wata ɗawainiya da masu kasafi ba su cika tunawa da ita ba, ita ce ta harshe. Ƙasar Haɗejiya ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Fulani da Mangawa da Badawa. Mutum zai yi bayaninsa da Fulatanci, wani ya mai da shi Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, sa'an nan a kawo takardar gaban joji a ce ga ikirarinsa. Kotunan Nijeriya sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa in an ɗauki bayanin wanda ake zargi ta bakin tafinta, dole tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba bayanin ya zama ji-ta-ji-ta. Sashe na 36 na Tsarin Mulki kuma ya ba duk wanda ba ya jin harshen kotu hakkin samun tafinta kyauta. Kyauta ce gare shi, amma wani zai biya. Ɗaliban Hausa su lura da wannan: tsakanin "na buge shi" da "na kashe shi", ko tsakanin "ya faɗi" da "na kā da shi", akwai ran mutum. Tafintan da aka tsinto a bakin ƙofar kotu, ba horo ba lada, shi ne ake ɗora wa wannan amana.

LADAN KUTURU

To, in gwamnati ba ta biya ba, wa ke biya? Amsar sananniya ce ga duk talakan da ya taɓa kai ƙara. Mai ƙara ne yake biya. Ana kiran abin da sunaye masu taushi, kuɗin mota, kuɗin mai, kuɗin takarda, na goro. Ba lalle ne a kira kowane ɗaya cin hanci ba, domin sau da yawa da gaske motar ba ta da mai, da gaske kuma babu takarda a ofis. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara a kotun majistare ko kotun shari'a, wanda shi ne yake ɗauke da mafi yawan ƙananan ƙararraki, yakan tsinci kansa da tarin fayil ba tare da ko kwabo na gudanarwa ba. Ko dai ya cire daga albashinsa, ko ya miƙa hannu, ko ya bar ƙarar ta mutu.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikacin da mai ƙara ya zuba wa mai ya daina zama wakilin hukuma, ya zama wakilin wanda ya biya. Ƙarar mai kuɗi za ta yi gudu ko da ba ta da ƙafa, ta matalauci kuwa ta zauna ko da gaskiyarta ta fi rana haske. Mahaifin yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wanda aka ce ya biya kuɗin asibiti da na mota sau biyar, a karo na shida zai karɓi sulhun da aka daɗe ana matsa masa ya karɓa. Jihar Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a a 2021, mai hukunci mai tsanani a kan fyaɗe, amma tsananin hukunci bai taɓa kawo shaida kotu ba. Har ila yau, in dangin mamaci ne suka ɗauko shaida a motarsu suka ciyar da shi, an koma daidai wurin da Shehu Halilu ya yi kashedi a kai tun ƙarni na 14.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe waɗannan ɓarakoki. Ta ce a ba da shawarar lauyan gwamnati cikin kwana 14 da karɓar kundi. Ta ce umurnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14. Ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum in da hali, in babu, kada ɓangare ɗaya ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Sassa na 251 zuwa 254 sun ce shaidan gwamnati yana da hakkin a biya shi ɗawainiyarsa, magatakardan kotu ne kuma zai biya daga kasafin sashen shari'a. Jihar Jigawa ta yi tata dokar a kan wannan tafarki a 2019. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ce a sami aƙalla ɗan sanda ɗaya da ya karanta lauya a kowane babban ofishi. Duk waɗannan tanade-tanade masu kyau ne, amma kowane wa'adi da aka rubuta a cikinsu kuɗi ne. Kwana 14 na nufin isassun lauyoyi da na'urar kwafi mai aiki da mai kai saƙo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga wani lissafi da ya kamata ma'aikatan kuɗi da ke wannan zaure su duba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, watau mutanen da Tsarin Mulki yake ɗauka ba su da laifi tukuna. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin ciyar da fursuna ɗaya daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana. A shekara ya haura Naira 400,000 ke nan a kan mutum ɗaya, ban da magani da gadi da sufuri. Sau da yawa abin da ya hana a gama shari'arsa bai wuce kuɗin motar shaidu uku ko huɗu ba. Ana asarar babban kuɗi don a tsimi ƙarami, kuma dalilin da ya sa ba a ganin asarar shi ne, tsimin a littafin jiha yake, asarar kuwa a littafin Tarayya. Asarar da ba ta shiga kowane littafi ita ce ta gonar da ba a noma ba, da iyalin da suka watse, da mutumin da za a sallama bayan shekara huɗu a ce masa babu hujja.

YADDA WASU SUKA YI

Ingila, wadda aka gado tsarin daga gare ta, ta sha irin wannan wahala. A ƙarni na 18 wanda aka yi wa sata shi ne yake kai ƙara da kuɗinsa, har masu dukiya suka riƙa kafa ƙungiyoyi suna tara kuɗi kamar adashi don gurfanar da ɓarayi. Da aka ga talakawa suna barin hakkinsu, sai majalisa ta yi doka a 1752 ta ba kotu ikon mayar wa mai ƙara ɗawainiyarsa, a 1754 kuma aka shigar da shaidu matalauta. Ba su kafa ofishin babban mai gabatar da ƙara ba sai 1879, ba su kuma raba aikin gabatar da ƙara da na 'yan sanda ba sai da dokar 1985, wadda ta fara aiki a 1986. Watau sun fara da biyan shaida fiye da shekara 200 kafin su gina hukuma. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Jigawa ta arewa, tsarin Faransa ake bi: mai gabatar da ƙara a Damagaram ko Maraɗi ɗan aji ɗaya ne da alƙali, horonsu ɗaya, kuma shi ne yake jagorantar binciken 'yan sanda da jandarma. Wannan bai sa baitulmalinsu ya cika ba, amma ya rage yawan ƙofofin da kundi yake bi.

TSORON DA KE DA DALILI

Akwai masu cewa ƙarfafa mai gabatar da ƙara da kuɗi wasa wuƙar gwamnati ne, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A jiha, Antoni-Janar shi ne kuma Kwamishinan Shari'a, gwamna ne ya naɗa shi, yana zaune a majalisar zartarwa. In kuɗin ƙara sai an rubuta takarda an kai gidan gwamnati an sa hannu, to wanda yake sa hannun yana iya zaɓen ƙarar da za ta rayu da wadda za ta mutu, ba tare da ya furta kalma ɗaya ba. Sashen shari'a ya daɗe yana gwagwarmayar cin gashin kansa ta fuskar kuɗi, har ma'aikatan kotuna suka rufe kotunan ƙasar nan kusan wata biyu a 2021 a kan wannan batu. Ba a cika jin irin wannan gwagwarmaya a madadin masu gabatar da ƙara ba, alhali kuwa alƙali, komai 'yancinsa, ba ya yanke hukunci sai a kan abin da aka kawo gabansa.

Na biyu, in an ciyar da ɓangare ɗaya aka bar ɗaya da yunwa, ma'auni ya karkace. Hukumar ba da taimakon lauya ga marasa hali, wadda aka kafa a 1976, ta Tarayya ce, lauyoyinta kuwa ba su isa ba. Makiyayin da ake tuhuma da kisa shi ma yana da shaidu a daji, su ma sai an ɗauko su. Kasafin da ya manta da su bai cika kasafin adalci ba.

Saboda haka yadda za a ba da kuɗin ya fi yawansu muhimmanci. Kuɗin da ake amincewa da su jefi-jefi, in an yi kuka ko in wata babbar ƙara ta tashi, suna maganin rana ɗaya ne kawai. Abin da ake bukata shi ne kaso tsayayye a cikin kasafin shekara, mai sunansa, wanda ake sakinsa wata-wata kamar albashi, ba sai an roƙa ba. Kuɗin shaida ya fi dacewa su zauna a hannun magatakardan kotu, a nan Haɗejiya ba a Dutse ba, a biya shaidan gwamnati da na wanda ake tuhuma bisa jadawali ɗaya da aka liƙa a bango da Hausa, cikin boko da ajami, wanda ya faɗi nawa ne daga Guri, nawa ne daga Birniwa, kuma a riƙa sabunta shi in farashin mai ya motsa. Shaida ya karɓa a ranar da ya zo, ko an saurare shi ko an ɗage, domin ɗagewar ba laifinsa ba ce. Lauyoyin gwamnati masu kula da wannan yanki su zauna a cikinsa, da motarsu da mansu, su ga kundi tun yana hannun ɗan sanda. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara, ko da yake ma'aikacin Tarayya ne, dokar jiha yake karewa a kotun jiha, babu kuwa abin da ya hana jihar da take saya wa 'yan sanda motocin sintiri ta saya masa takarda da tawada.

Sa'an nan a yi hisabi. Majalisar Dokoki ta jiha da Babban Mai Binciken Kuɗi suna da ikon tambaya a ƙarshen kowace shekara: kundi nawa aka karɓa, nawa aka ba da shawara a kansu cikin wa'adi, shaida nawa aka biya, ƙara nawa aka kora don shaidu ba su zo ba, mutum nawa suka wuce shekara ɗaya a waƙafi. Dukkan waɗannan alƙaluma suna nan a rubuce a littattafan rajista na kotuna da na gidan yarin Haɗejiya. Magatakarda biyu za su iya tattara su cikin mako guda, kafin a zauna zaman kasafin kuɗi na baɗi.